Sankarar ɓargo: wane haɗin magani ne ya fi cin garkuwar jiki, wanne kuma iyali za su iya riƙewa?

Idan likitan jini a asibitin koyarwa na Bauchi ko na Gombe ya tabbatar cewa mutum yana da mayeloma, iyali sukan fara da tambayar kuɗi, sannan su tambayi wane magani ne ya fi ƙarfi. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce ta wace kafa kowane magani yake buɗe wa cututtuka hanya, alhali sau da yawa ita ke raba wanda zai kai ƙarshen jinya da wanda ba zai kai ba.

Mayeloma sankara ce ta ɓargo. Ƙwayoyin da take kamawa, waɗanda ake kira filasma, aikinsu tun asali shi ne haɗa sinadaran kariya da ke yawo a jini suna damƙe ƙwayoyin cuta. Idan sankarar ta shiga, zuriyar ƙwaya guda ce ke mamaye ɓargon tana zubo sinadari iri ɗaya tal mara amfani, masu lafiyar kuma su ƙanƙance. Shi ya sa takardar gwaji za ta nuna furotin ya yi yawa a jini, amma mutumin ba shi da kariya. Tun kafin a haɗiyi ƙwayar magani ɗaya garkuwar ta riga ta yi rauni. Wani bincike da aka buga a 2015 kan mutane sama da 9,000 a ƙasar Suwidin ya nuna masu wannan ciwo sun ninka sauran jama'a sau 7 wajen kamuwa da cututtuka, sau 10 kuma idan aka zo kan na bairos. A Birtaniya, bitar da aka yi a 2005 ta gano cewa mutum 1 cikin 10 ya rasu cikin kwana 60 na farko, kuma kusan rabinsu kamuwa da wata cuta ce sanadi. Wannan a ƙasashen da babu zazzaɓin cizon sauro ke nan, babu Lassa, tarin fuka ma kaɗan ne.

Ƙwayar da ke cikin kowane haɗi

Kowane haɗi aka zaɓa, akwai dexamethasone ko ɗan uwansa prednisolone a ciki. Shi ne mafi araha, ana samunsa a kowane kemis, shi ne kuma aka fi rainawa. Yana kashe ƙwayoyin mayeloma da sauri, yana rage ciwon ƙashi, mara lafiya ya tashi da cin abinci har iyali su ce an samu sauƙi. A lokaci guda yana danne fararen ƙwayoyin jini masu tsare jiki daga tarin fuka, bairos da funfuna, yana ɗaga sukari, kuma yana ɓoye zazzaɓi. Mutum na iya ɗauke da ciwon huhu mai tsanani jikinsa bai yi zafi ba.

Akwai hanyoyi biyu na ba da shi. Tsohuwar hanya ita ce miligiram 40 kullum na kwana huɗu, a huta, a maimaita har sau uku a wata, jimilla miligiram 480. Sabuwar ita ce miligiram 40 sau ɗaya a mako, jimilla 160. An gwada su kafaɗa da kafaɗa a Amurka tare da lenalidomide, aka buga sakamakon a 2010. Bayan shekara ɗaya, kashi 96 cikin 100 na masu shan kaɗan suna raye, masu shan da yawa kuma kashi 87. Cututtuka masu tsanani sun kama kashi 9 a ɓangaren farko, kashi 16 a na biyu. Don haka a nan zaɓin ba shi da wuya: sau ɗaya a mako, wanda ya haura shekara 75 ko jikinsa ya yi laushi kuma a ba shi miligiram 20. Inda ake ɗaga shi na ɗan lokaci shi ne idan ƙoda na neman tsayawa ko sankarar ta danne lakar baya, wannan kuwa a gadon asibiti ake yi.

A duba ƙarfin ƙwayar da aka sayo. Wadda ta fi yawa a kasuwa mai rabin miligiram ce, ke nan sai an haɗiyi 80 kafin a kai miligiram 40. Mai miligiram 4 kuwa 10 ake sha. Rikicewa tsakanin biyun kan sa mutum ya sha kashi ɗaya cikin takwas na abin da aka rubuta, ko ya ninka shi ninkin ba ninkin. A sha da safe bayan an ci abinci, don yana hana barci yana kuma cin ciki.

Bortezomib ko lenalidomide

Yawancin iyalan da ke da ɗan hali tsakanin waɗannan biyun suke tsayawa, ko su haɗa su duka.

Bortezomib allura ce, miligiram 1.3 a kan kowace murabba'in mita ta faɗin jiki. Mutum madaidaici yakan buƙaci kusan miligiram 2. Kwalbar miligiram 3.5 ana narka ta da mililita 1.4 na ruwan gishirin asibiti idan a ƙarƙashin fata za a yi, kuma cikin awa 8 ake amfani da ita, abin da ya rage ya zama asara. Saboda haka a tambaya ko akwai ƙaramar kwalba mai miligiram 2, ko kuma asibiti ya haɗa marasa lafiya biyu rana ɗaya. A yi ta a fatar ciki ko cinya, ana sauya wuri. Ta jijiyar jini ma tana aiki daidai, sai dai ta fi lalata jijiyoyin ƙafa: a gwajin da aka buga a 2011, mummunar mutuwar ƙafa da zugi ta samu kashi 16 ta jijiya, kashi 6 ta fata. Sau ɗaya a mako ya fi sau biyu sauƙi a jiki, kuma ko yaya ake ciki kada tazarar allura biyu ta gaza awa 72.

Ta fuskar garkuwa, bortezomib ba ya rushe fararen ƙwayoyin jini masu yaƙar bakteriya sosai. Ɓarnarsa tana kan waɗanda ke gadin bairos ɗin da ya kwanta a jiki. Duk wanda ya taɓa yin ƙarambau yana yaro, ƙwayar tana nan kwance a tushen jijiya, wannan allura kuma tana tashin ta. Yakan fara da zugi ko ƙaiƙayi a gefe ɗaya na ƙirji ko baya, kwana biyu ko uku kafin a ga komai, har a ɗauka ciwon ƙashin ne ya motsa. Sai ƙuraje masu ruwa su fito a jere kamar rabin ɗamara, ba sa tsallake tsakiyar jiki. Idan a goshi ne suna iya cin ido, kuma zugin kan daɗe watanni bayan ƙurajen sun bushe. Likitoci na kiran ta zosta. Kariyarta tana da araha: acyclovir miligiram 400 safe da yamma, daga ranar allurar farko har wata 3 bayan ta ƙarshe, a rage idan ƙoda ba ta da ƙarfi. A babban gwajin da aka haɗa bortezomib da melphalan, zosta ta fito wa kashi 17 na waɗanda ba su sha kariya ba, kashi 3 na waɗanda suka sha. Sayen allurar a bar acyclovir don tsimi ba dabara ba ce.

Abubuwa biyu suna rage masa ƙarfi. Na farko rifampicin, jigon maganin tarin fuka, wanda ke sa hanta ta kore kusan rabin bortezomib ta kuma kore dexamethasone. Duk wanda ke kan maganin tari dole likitocin biyu su san da juna. Na biyu koren ganyen shayi irin wanda ake dafa ataya da shi: gwajin ɗakin bincike ya nuna wani sinadari a cikinsa yana ɗaure maganin, don haka gara a haƙura da shi a lokacin jinya.

Lenalidomide ƙwaya ce, miligiram 25 kullum na kwana 21, a huta kwana 7. A gida ake sha, abin da ke jan hankalin wanda ke Ningi, Darazo ko Gamawa ke nan. Amma ita kafar da take buɗewa ta fi hatsari cikin gaggawa, domin tana rage nutrofil, fararen ƙwayoyin da ke fara tarar bakteriya. Babu alamar da ke nuna sun sauka, gwajin jini kaɗai ke faɗa. Ƙa'idar ita ce a ƙirga jini kowane mako a wata biyu na farko, daga baya a koma wata-wata. Ba a fara sabon zagaye idan nutrofil bai kai 1,000 a takardar gwajin jini ba, idan kuwa ya faɗi ƙasa da 500, ƙaramar cuta na iya shiga jini ta kashe cikin kwana ɗaya. A irin wannan hali ana dakatar da ƙwayar, a yi allurar filgrastim don ta zaburar da ɓargo, a dawo da ƙaramin awo.

Kuskuren da aka fi yi da ita yana wajen ƙoda. Ta fitsari take fita, mayeloma kuwa ƙoda take fara taɓawa. Idan aka ba mai raunin ƙoda cikakken miligiram 25, maganin zai taru a jini ya share ɓargo. Mai matsakaicin rauni miligiram 10 ake ba shi, mai rauni sosai miligiram 15 rana bayan rana. Bortezomib ba ruwansa da wannan, shi ya sa duk wanda ya zo da ƙoda a raunane da shi ake farawa. Lenalidomide kuma tana sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, dole a haɗa da asfirin kullum, ko allurar tsinka jini ga wanda ke kwance ko ya taɓa yin gudan jini.

Idan aka auna su, nisan gida ba ya fifita lenalidomide yadda ake zato. Wanda ke shan ta ma sai ya je ɗakin gwaji mako-mako da farko. Mutumin da zai iya isa Bauchi ko Azare sau ɗaya a mako, bortezomib da ƙaramin dexamethasone da ɗaya daga cikin tsofaffin magungunan sankara, cyclophosphamide ko thalidomide, ya fi masa, domin haɗarinsa sananne ne kuma ƙwaya mai araha na toshe shi. Haɗa bortezomib da lenalidomide ya fi kowannensu shi kaɗai danne sankarar, ga mai ƙoda lafiya da aljihun da zai ɗauki wata shida zuwa takwas ba yankewa. Fara haɗi mai tsada a tsaya a zagaye na biyu yana barin mutum da garkuwa a ƙasa, sankara kuma ta dawo.

Tsofaffin magunguna

Thalidomide, miligiram 50 zuwa 200 da dare, ita ce ta fi sauƙi a kan fararen ƙwayoyin jini, kuma ta fi lenalidomide araha nesa ba kusa ba. Wanda ke ƙauye, gwajin mako-mako ya fi ƙarfinsa, wannan zaɓi ne mai ma'ana. Kuɗin da take karɓa a wani wajen ne: barci, taurin bayan gida, gudan jini, da mutuwar yatsu wadda ba ta cika warkewa ba idan aka yi jinkirin tsayawa. Ita ce maganin da ya sa aka haifi jarirai sama da 10,000 da naƙasar hannu da ƙafa a ƙarshen shekarun 1950 da farkon 1960. Tana fita a maniyyi, don haka magidanci mai iyalin da ke cikin shekarun haihuwa sai da kwaroron roba, mace kuma sai da gwajin ciki kowane wata da tsarin iyali mai inganci. Wannan doka ta hau kan lenalidomide ma. A kulle ƙwayoyin, kada mai juna biyu ta taɓa su.

Melphalan da prednisolone shi ne haɗin da ake yi tun shekarun 1960: kwana huɗu na ƙwaya, a huta mako shida. Ya dace da dattijon da ba zai jure zirga-zirga ba. Sai dai a san cewa jinin yana kaiwa ƙasa ne mako biyu zuwa uku bayan an gama sha, lokacin da mutum ya koma gida kowa ya saki jiki. A lokacin ne ya kamata a yi gwaji. A firji ake ajiye ƙwayar, abin lura a bazarar Bauchi. Kuma duk mai niyyar zuwa Indiya ko Masar dashen ɓargo kada ya fara da melphalan, yana lalata irin da za a ɗiba daga jikinsa.

Daratumumab da na bayansa

Daratumumab, da aka amince da shi a Amurka a 2015, yana bin wata alama da ke jikin ƙwayoyin filasma ya kashe su, masu sankara da masu lafiya baki ɗaya, har da wasu fararen ƙwayoyi masu farautar bairos. Yana ƙara tsawon rai ƙwarai, amma sinadaran kariya na ƙara sauka. A gwajin da aka buga a 2019, ciwon huhu mai tsanani ya kama kusan kashi 14 na waɗanda aka ƙara wa shi, kashi 8 na waɗanda ba a ƙara wa ba. Yana kuma rikita gwajin dacewar jini har wata 6 bayan an daina, saboda haka a tantance rukunin jinin mutum dalla-dalla kafin allurar farko, a riƙe takardar a aljihu.

Sababbin da ke tura ƙwayoyin garkuwa su far wa sankarar, irin su teclistamab na 2022, sun fi kowanne share kariya. A gwajinsa na farko kashi 76 sun kamu da wata cuta. Masu karɓarsa kan buƙaci ƙarin sinadarin kariya ta jijiya, giram 0.4 a kan kowane kilo, duk mako uku zuwa huɗu. Wanda zai karɓo irin wannan a waje ya dawo Bauchi, ya fara tabbatar da inda zai riƙa samun wannan ƙarin.

Abin da ke kwance a jiki kafin a fara

Nan ne jinyar mayeloma a ƙasarmu ta bambanta da abin da littattafan Turai suka tsara. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na manya a Najeriya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, yawancinsu ba su sani ba. Dexamethasone, bortezomib, musamman daratumumab, suna iya tashin ƙwayar, hanta ta kumbura, ido ya yi rawaya, wani lokaci bayan an gama jinyar ma. Gwaji biyu ake yi, HBsAg da anti-HBc. Na farkon kaɗai bai isa ba, domin wanda ya taɓa yin ciwon ya warke na biyun ne ke nuna shi. Mai ɗauke da ƙwayar zai sha entecavir ko tenofovir tun kafin a fara har aƙalla wata 6 zuwa 12 bayan an gama, entecavir kuma ya fi sauƙi a kan ƙoda. A haɗa da gwajin ƙanjamau da na hanta nau'in C.

Sai tarin fuka: hoton ƙirji, da gwajin majina ga mai tari, wanda kyauta ne a cibiyoyin tari na gwamnati. Wannan ya shafi wata shawara da ta fito daga Birtaniya a 2019, inda shan maganin kashe bakteriya levofloxacin miligiram 500 kullum na mako 12 na farko ya rage zazzaɓi da mutuwa daga kashi 27 zuwa 19. Sakamako ne mai kyau, amma levofloxacin na cikin magungunan tarin fuka mai taurin kai. Idan aka ba mai ɓoyayyen tari shi kaɗai, zai lafar da alamun, a makara wajen ganowa, ƙwayar kuma ta saba da maganin. Don haka sai an kore tarin fuka tukuna, kuma a ware shi ga waɗanda suka fi rauni. Cotrimoxazole, miligiram 960 sau uku a mako, yana kare huhu daga wata funfuna da ke kama masu shan dexamethasone, sai dai yana iya ƙara rage jini, kuma akan duba G6PD, wani sinadari da ke kare jajayen ƙwayoyin jini, kafin a ba da shi.

Manomi da duk mai yawo ba takalmi a fadama na iya ɗauke da wata tsutsar ciki da ke shiga ta fata ta zauna shekaru shiru. Dexamethasone na sa ta yaɗu har huhu, ta kwaso bakteriyar hanji zuwa jini. Ivermectin, mikirogiram 200 a kan kowane kilo, kafin a fara jinya yana magance ta.

Zazzaɓi, abinci da rigakafi

Kowane gida da ake wannan jinya ya mallaki ma'aunin zafin jiki. Digiri 38, ko rawar sanyi, ko numfashi sama-sama, ko ruɗewa, asibiti ake nufa a daren, ba a jiran gari ya waye. Ana so allurar kashe bakteriya ta shiga jijiya cikin awa ɗaya da isa. Kada a sha farasitamol a kwanta a ga abin da hali zai yi. Ko gwaji ya nuna zazzaɓin cizon sauro, wannan bai kore cuta a jini ba, ana iya samun biyun tare, don haka a ƙirga jini. A faɗa wa duk ma'aikacin da aka tarar sunan ciwon da magungunan da ake sha, a kuma tuna masa cewa gentamicin, diclofenac, ibuprofen da piroxicam suna iya ƙarasa ƙodar mai mayeloma. Haɗin ciwon jiki na kemis da ake ƙullawa a leda yawanci waɗannan ne a ciki.

Bauchi na cikin jihohin da Lassa ta fi kamawa a ƙasar nan, musamman daga Disamba zuwa Afrilu. Hatsi da gari su zauna a rufe, kada a ci abin da aka shanya a bakin titi bai dahu ba. Nonon da ba a tafasa ba yana ɗauke da tarin shanu da wasu cututtuka, a nemi kindirmon da aka tafasa madararsa. Tsire da balangu a ci da zafinsu, ruwa a tafasa, gidan sauro kowane dare. Ana son lita 2 zuwa 3 na ruwa a yini idan likita bai hana ba, shi ya sa azumi a tsakiyar jinya yana da hatsari ga ƙoda, shari'a kuma ta yi wa mara lafiya rangwame.

Rigakafin da ba shi da rai, kamar na ciwon huhu, na hanta nau'in B, na mura, da na sanƙarau da ake yi wa maniyyata, duk ana iya yi, an fi so mako biyu kafin a fara magani. Ba za su kama kamar na mai lafiya ba, saboda haka mutanen gida ma su yi nasu. Mai rai kuwa an hana, cikinsu har da na ƙyanda da na shawara. Bayan ɓarkewar shawara a yankin Alkaleri a 2019 an yi rigakafin gama-gari, kuma ana neman katinsa wajen tafiya ƙasashen waje. Mai shan waɗannan magunguna ya karɓi takardar uzuri daga likitansa a maimakon allurar. Ɗigon shan inna da ake yi wa yara shi ma mai rai ne, yana fita a kashinsu na wasu makonni. A bar yaran su karɓa, amma kaka mai jinya ta bar wa wani wanke musu kashi na wata ɗaya zuwa mako shida, kowa kuma ya wanke hannu da sabulu kafin ya kawo mata abinci.